Kwana goma sha biyu kafin tsohon suwic ɗin makarantarmu ya amsa mini

Ina koyar da kwamfuta a wata makarantar sakandare ta al'umma a wani ƙauye cikin ƙasar Ringim. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta kawo mana kwamfutoci ashirin da suwic guda ɗaya, wato akwatin da ake jona kwamfutoci da waya don su ga juna, Cisco Catalyst 2960 mai kafa 24 ta jona waya, dukkansu 'yan kwatano. Bukatar a fili take: tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, yaranmu kuwa da yawansu ranar jarrabawar ce ranar farko da suke ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta. Muna so mu haɗa kwamfutocin da uwar garke guda, wato kwamfutar da sauran za su riƙa ɗaukar tambayoyi daga gare ta, yara su riƙa gwajin jarrabawa ko babu intanet. Na rubuta wannan ne don malamai irina na Taura da Garki da Ɓaɓura, waɗanda ake sauke wa kaya na hannu a ce su haɗa, ba wanda ya gaya musu cewa tsohon suwic yana zuwa da tsarin tsohon mai shi a cikinsa.

Na matse kawunan wayoyi da kaina, na jera tebura, na tayar da janareta. Fitilun wasu kafofin suka yi kore, wasu ko ƙyaftawa ba su yi ba. Kwamfutocin da ke kafa ta 1 zuwa ta 8 suna ganin juna, amma ba sa ganin na kafa ta 9 zuwa sama. Na sake matse kawuna har sau biyu ina zargin aikin hannuna. Da dare na kira wani abokin karatuna da ke aikin haɗa kwamfutoci a Dutse. Yana jin bayanin ya ce, "Malam, wayoyinka lafiya lau suke. Wannan suwic ɗin daga wani ofis ya fito, an raba kafofinsa gida-gida, an rufe wasu. Sai ka shiga ta konsol ka goge." Ya ce in duba bayansa, zan ga wata kafa ita kaɗai da aka rubuta wa CONSOLE, ta nan ake shiga a canza tsarinsa.

Washegari na same ta. Siffarta iri ɗaya ce da sauran kafofin, don haka na ɗauki wayar netwok ta yau da kullum na sa kai ɗaya a can, ɗaya a laftof ɗina. Babu abin da ya motsa. Na yi rabin yini ina neman adireshin IP, lambar da ake gane na'ura da ita a netwok, da zan shiga da shi, ashe ita wannan kafar ba ta da adireshi ko kaɗan. Ramin ne kawai ya yi kama da na netwok, abin da ke gudana a ciki tsohon tsarin RS-232 ne, wanda aka fito da shi tun 1960. Waya ɗaya tana aika haruffa, ɗaya tana karɓa, ɗaya kuma ta ƙasa ce. Kwamfutocin zamanin da suna zuwa da rami mai haƙora tara a bayansu don wannan aikin, na yanzu kuwa an daina sa musu. Ke nan ina bukatar abu biyu: adafta mai juya USB zuwa haƙora tara, da kuma wayar konsol, wata shuɗiya mai faɗi kamar zariyar wando, mai kan netwok a gefe ɗaya da kan haƙora tara a ɗaya gefen.

Na je wurin shugaban makaranta. Na ce, "Ranka ya daɗe, sai na shiga Kano, abin da ake bukata ba a samunsa a nan." Ya ce in rubuta takarda in faɗi kuɗin da dalilinsa, domin daga asusun iyaye da malamai za a fitar, kuma sai ma'aji ya sa hannu. Ma'ajin manomi ne, lokacin kuma ana tsaka da yankan gero, sai da na jira kwana uku kafin a ba ni Naira 20,000, da sharaɗin in dawo da rasit na duk abin da na saya. Ranar Asabar na hau mota daga Ringim, ta Gezawa, na sauka a tashar Yankaba, Naira 3,000. Daga nan na hau Adaidaita Sahu zuwa layin masu sayar da kayan kwamfuta. Shago huɗu na shiga kafin in sami wanda ya gane abin da nake nufi. Ya ɗauko adafta a leda, Naira 6,500. Shuɗiyar wayar kuwa ya ce ta ƙare, amma ya miƙo mini wani ɗan ƙaramin kai, gefe ɗaya haƙora tara, ɗaya gefen ramin netwok, Naira 1,500. Ya ce, "Yallaɓai, kowace wayar netwok ka sa a nan za ta yi." Na yarda da shi, ban gwada komai a shagon ba domin ban ɗauko laftof ba. Wannan rashin ɗaukowar shi ya fi komai ci mini kwanaki.

Ranar Litinin na sa adaftar a laftof mai Windows 10. Na buɗe Device Manager, na duba ƙarƙashin Ports, inda ya kamata in ga lambar COM, wato lambar da Windows ke ba adaftar. Abin da na gani wani saƙo ne da Turanci, wai samfurin PL2303HXA an daina ƙera shi tun 2012, in tuntuɓi wanda ya sayar mini. Leda sabuwa dal, amma aisin da ke ciki, wato ɗan ƙwaƙwalwar adaftar, na jabu ne, kwaikwayon wani tsohon samfuri na kamfanin Prolific, kuma sabon direba, wato manhajar da ke sa Windows ta gane adaftar, ba ya aiki da shi. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin kuɗin iyayen yara ne, kuma komawa Kano wata Naira 6,000 ce. Wani yaro mai gyaran waya a bakin kasuwarmu ya ce yana da abin da zai maye gurbinta, ya nuno mini ɗan ƙaramin allo mai USB da fil-fil a jikinsa, irin wanda suke sa wa ƙananan na'urori manhaja da shi. Allah ya sa na tambayi abokina kafin in jona. Irin wannan allon da bolt 3.3 ko 5 yake aiki, RS-232 kuwa yana lilo ne tsakanin wutar (+) da wutar (−), daga bolt 3 har zuwa 15 ta kowane ɓangare. Ba za su fahimci juna ba, kuma allon yana iya ƙonewa. Na mayar wa yaron kayansa da godiya.

Mafitar wucin gadi ita ce tsohon direba na 2008, wanda bai san bambancin na asali da jabu ba. A makarantarmu sabis ba ya kamawa sai a bakin titi, can na zauna a gindin darbejiya bayan la'asar na sauke shi da datar Naira 1,000. Ina gargaɗin duk wanda zai bi wannan hanyar da ya yi hattara da shafukan da yake saukewa, domin da yawansu tarkon ƙwayoyin cuta ne. Na sa direban ta hanyar zaɓensa da hannu daga jerin waɗanda ke kan kwamfutar, sai ga COM3 ta fito babu alamar gargaɗi. Na buɗe PuTTY, manhajar da ake rubuta wa suwic umarni ta cikinta, tunda HyperTerminal da muka saba da ita a zamanin Windows XP ba ta zuwa da sababbin Windows. Na zaɓi Serial, na rubuta COM3, gudun aika haruffa 9600, bit 8, babu parity, bit na tsayawa 1, sannan na mayar da flow control zuwa None, domin PuTTY tana zuwa ne da shi a kan XON/XOFF. Wannan shi ne tsarin da suwic na Cisco ke fitowa da shi daga masana'anta. Na danna Open, baƙin allo ya buɗe, ɗan koren ɗigo yana tsaye a kusurwa. Na danna Enter. Shiru. Na sake dannawa ya fi sau hamsin. Shiru.

Yammaci biyu na yi a kan wannan baƙin allon, janareta yana shan mai, ni ina canza abubuwa barkatai. In canza gudu, in canza ramin USB, in kashe suwic in kunna, in sake sa direba, duk a lokaci guda, ta yadda ko da wani abu ya gyaru ba zan san wanne ba ne. A nan na gano cewa idan na cire adaftar daga wannan ramin USB na mayar wancan, lambar tana komawa COM4 ko COM5, PuTTY kuma tana nan tana neman COM3, sai ta ce ba ta iya buɗewa ba. Wannan ma ya ƙara rikita ni. Daren na biyu na koma gida gwiwata a sanyaye, na riga na yanke cewa kafar konsol ɗin ta mutu, ina ta tunanin yadda zan gaya wa tsofaffin ɗalibai cewa kyautarsu ba ta da amfani. Mutanen nan karo-karo suka yi, wasunsu albashinsu bai fi nawa ba.

Abokina na Dutse ne ya tsayar da ni. Ya ce, "Ka bar suwic ɗin nan tukuna. Ka tabbatar adaftarka tana magana?" Na ce ta yaya zan sani. Ya koya mini wani gwaji da ba ya cin ko sisi, wanda da na san shi tun farko da ban ƙona man kwana biyu ba. Ka cire komai daga adaftar, ka bar ta ita kaɗai a jikin laftof. Ka kalli haƙoranta, layi mai biyar a sama, haƙori na 1 yana hagu, kuma akwai 'yan ƙananan lambobi a gindinsu in ka haska da tocila. Na 2 shi ne kunne, na 3 shi ne baki, na 5 ƙasa. Ka sami ɗan guntun waya ko ƙarfen maƙale takarda ka haɗa na 2 da na 3, ka kula kada ya taɓa sauran. Sai ka buga haruffa a PuTTY. Idan adaftar tana da lafiya, abin da bakin ya faɗa kunnen zai ji, haruffan su fito a allo. Ka cire ƙarfen, su daina fitowa. Na sa wani ɗalibina ɗan aji shida ya riƙe ƙarfen, na buga sunan makarantarmu, sai ga shi yana fitowa harafi bayan harafi. Ya saki, na buga, babu komai. Wannan ne karon farko da na san wani abu tabbas: laftof, direba, lambar COM da adafta duk lafiyarsu ƙalau. Matsalar tana gaba da su.

Abin da ke gaba da su kuwa wayar nan ce da mai shago ya ce kowacce za ta yi. Na kama kawunanta biyu na jera su gefe da gefe ina kallon launukan. Tsari ɗaya ne, fari da ruwan lemo a hagu a duka biyun. Miƙaƙƙiyar waya ce, 1 zuwa 1, 2 zuwa 2. Wayar konsol kuwa juyayya ce: 1 tana zuwa 8, 2 zuwa 7, 3 zuwa 6, 4 zuwa 5. Dalilin shi ne a kafar konsol ta suwic, layi na 3 ne baki, na 6 kunne, 4 da 5 ƙasa. Ɗan kan da na saya an ƙera shi ne don juyayyar waya, da na sa masa miƙaƙƙiya sai bakin suwic ya haɗu da bakin laftof, kunne ya haɗu da kunne. Kowa yana magana, ba mai ji. Na yanke kai ɗaya, na jera launukan a juye, na matse sabo. Kafin in jona na aro mita wurin mai gyaran sola na gwada: layi na 3 na gefen suwic yana fita a haƙori na 2, na 6 a haƙori na 3, 4 da 5 a haƙori na 5. Ina ba da shawarar a yi wannan gwajin, domin ba duk irin waɗannan kawunan ake haɗa cikinsu iri ɗaya ba. Kuɗin gyaran duka kan waya ɗaya ne, Naira 100.

Na jona, na kunna suwic, sai allo ya cika da tarkacen alamomi, akwatuna da haruffan da ba na kowane harshe ba. Ɗalibin nan ya ce, "Malam, ya lalace ke nan?" Ni kuwa farin ciki ne ya kama ni, domin tarkace yana nufin suwic ɗin yana da rai kuma muryarsa tana isowa, gudun ne bai zo ɗaya ba. A wannan tsarin babu wata waya da ke daidaita lokaci tsakanin ɓangarorin biyu, kowanne yana ƙirga nasa ne, in ɗaya yana zuba da sauri ɗaya yana ɗiba a hankali, sai haruffa su kakkarye. Wannan karon na bi su ɗaya bayan ɗaya ina rubutawa a littafi: 19200, tarkace. 38400, tarkace. 57600, tarkace. Da na sa 115200 na danna Enter, sai ga rubutu tsaf yana neman kalmar sirri. Abokina ya ce galibi hakan na faruwa ne idan wani ya taɓa loda wa suwic babbar manhajarsa ta wannan wayar, sai ya ɗaga gudun don kada aikin ya kwana, ya manta bai mayar ba.

Kalmar sirrin ba mu da ita, wanda ya sayar wa ƙungiyar ma ba shi da ita. Kafin in taɓa komai na koma wurin shugaban makaranta na ce, "Ranka ya daɗe, zan goge duk abin da ke ciki, ina so ya zama da saninka." Ya kira sakataren ƙungiyar, sakataren ya turo hoton rasit ɗin sayen kayan, muka ajiye a fayil. Ina ganin wannan ya dace, domin hanyar da zan faɗa ta mai kaya ce, ba ta shiga na'urar wani ba. Na zare wayar wutar suwic, na danne maɓallin Mode da ke gabansa ta hagu, na mayar da wuta ina riƙe da shi, har fitilar SYST ta ƙyafta ruwan ɗorawa sannan ta tsaya a kore, na saki. Allo ya nuna switch: yana jira. Na buga flash_init, sannan dir flash: na ga fayilolin da ke ciki, har da config.text mai ɗauke da tsohon tsari, da vlan.dat mai ɗauke da jerin gidajen da ake raba kafofi. Na buga rename flash:config.text flash:config.old don ya tashi bai karanta shi ba. A nan kuma na buga set BAUD 9600, allo ya koma tarkace nan take, na rufe PuTTY na sake buɗewa a 9600, rubutu ya dawo. Sai na buga boot. Ya ɗauki 'yan mintoci yana tashi, ya tambaya ko ina son ya jagorance ni tsarin farko, na ce no, na buga enable, umarnin shiga matakin cikakken iko, ya buɗe ba tare da neman komai ba.

Na karanta tsohon tsarin da more flash:config.old don in ga abin da ya wahalar da mu. Maganar abokina ta tabbata. An raba kafofin gida uku, shi ya sa na farko ba sa ganin na tsakiya. Wasu an rufe su da shutdown, wasu kuma an ɗaure su da kwamfutocin tsohon ofishin, duk baƙuwar da ta shigo sai kafar ta kulle kanta. Na goge vlan.dat da tsohon fayil ɗin, na sake tayar da shi, na sa masa suna da sabuwar kalmar sirri da adireshin IP, don nan gaba in riƙa shiga ta netwok. Bayan kowane mataki ina buga write memory, domin abin da ba a adana ba yana tafiya da zarar wuta ta ɗauke, janaretanmu kuwa ba ya sallama kafin ya mutu. Abu na ƙarshe da ya so ya tayar mini da hankali shi ne duk kwamfutar da aka kunna, fitilar kafarta sai ta yi kusan daƙiƙa 30 tana ruwan ɗorawa kafin ta koma kore. Ba lalacewa ba ce, suwic ɗin ne yake duba ko an yi masa zoben waya, wato wayar da ta fita daga gare shi ta zagayo ta dawo cikinsa. Na sa spanning-tree portfast a kafofin da kwamfutoci ke kai, jiran ya ƙare.

Kwana biyu bayan haka na jona laftof da intanet ɗin wayata, Windows ta sabunta direban adaftar, saƙon 2012 ya dawo. Da ragowar kuɗin da wani ƙari da shugaban makaranta ya amince da shi, na sa abokina ya sayo mana waya guda mai USB a kai ɗaya da kan netwok a ɗaya kan, mai aisin kamfanin FTDI na asali, Naira 14,000, ya ba direban mota ya kawo a kan 1,500. Ina sa ta lambar COM ta fito, ba adafta, ba ɗan kai, ba juya launuka. Da ita na saya tun ranar farko, da na tsira da kuɗin adafta da na kai da man janareta na kusan Naira 5,000 da mako guda cur.

Ga wanda zai bi wannan hanyar, abin da na fi so ya riƙe shi ne baƙin allo mai shiru ba ya gaya maka wane ne mai laifi. Matsaloli uku ne suka hau kan juna a wurina, jabun aisi, miƙaƙƙiyar waya da gudun da aka canza, kowacce tana ɓoye ta bayanta. Ka fara daga abin da ke hannunka ka nufi suwic: lambar COM ta fito? Haɗa 2 da 3 ya dawo da haruffa? Launukan kawunan a juye suke? Sai bayan nan ka taɓa gudu, kuma abu ɗaya za ka canza a kowane gwaji, ka rubuta shi. Shiru yawanci waya ce ko lambar COM, tarkace yawanci gudu ne. In za ka shiga Kano sayayya ka tafi da laftof da ƙarfen maƙale takarda a aljihu, ka yi gwajin a gaban mai shago kafin ka biya, ka karɓi rasit mai sunan kayan. Kuma kada ka danne maɓallin Mode na tsawon lokaci alhali suwic yana kunne yana aiki, domin bayan kamar daƙiƙa goma yana iya komawa babu tsari, aikinka ya tafi.

Na manna farin salatif a saman suwic ɗin na rubuta 9600, 8, N, 1 da adireshinsa da ranar da aka tsara shi. Kalmar sirri tana cikin ambulan a kabad ɗin shugaban makaranta tare da wayar konsol da rasit. Ɗalibin da ya riƙe mini ƙarfe na sa shi ya maimaita duk matakan da hannunsa ina tsaye, tun daga Device Manager har write memory, saboda in an yi mini canjin wurin aiki a sami wanda ya san ta inda ake shiga. Ranar Alhamis da ta biyo baya 'yan aji shida suka zauna gwajin farko, ashirin-ashirin, rukuni uku, muka tashi dab da la'asar.